Hoton Ƙafa a Cikin Kile

Mutumin da ya miƙo mini kilen a Tawa, ɗan abin nan da ake zuba hotuna a ciki a soka a kwamfuta, ya gargaɗe ni tun a lokacin. Ya riƙe shi bai saki ba, ya ce, "Malam, ka sani hwa, ba kowane ordinater ka buɗa wanga abu ba. In ka kai gida a gwada shi tun kahin ranar da likita za ya zo." Na ce to. Na naɗe kilen a leda, na sa a aljihun gaba, muka fito neman mota.

Ni direba ne a wani ƙaramin asibiti na wata ƙungiya, a kan hanyar Buza zuwa Madawa. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina karanta Faransanci a hankali, in rubutun bai yi tsawo ba. Yarinyar da aka yi wa hoton ɗiyata ce ta fari, saboda haka ba na kama sunanta, kamar yadda ubana bai taɓa kama sunan wana ba har ya bar duniya. Ko a Tawa, da aka tambaye ni sunan marar lafiya, takardar haihuwarta na miƙa.

Ƙafarta ta dama ce ta kumbura a ƙasan gwiwa tun kafin faɗuwar ruwa. Wurin ya yi zafi, ya yi tauri. Da farko tana jan ƙafar zuwa kwaleji, daga baya ta daina zuwa. An yi allurai, an sha ƙwayoyi, kumburin bai sauka ba. Majo Hamsatu, wadda ke riƙe da asibitinmu, ita ta ce in kai ta Tawa a yi mata sikanar, wato hoton cikin ƙafar, domin likitan ƙashi zai zo daga Yamai, kuma ba zai taɓa ta ba sai ya ga hoto. A can aka ce mana baƙar ledar da ake buga hoto a kai ta ƙare, mai karanta hotuna kuma ya yi tafiya. Shi ya sa aka zuba komai a kile, ɗan abu kamar yatsa.

Na so in bi shawarar mutumin. Amma Majo ta fita rigakafi a ƙauyuka, ofishinta a kulle. Na kai kilen wurin mai shagon ordinater a Buza, ya soka shi a injinansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce tsofaffi ne, ba su ɗaukar abin. Na koma na jira.

Ranar da Doktor Munir ya zo, ni na ɗauko shi daga Madawa da safe, kuma ni ne zan mayar da shi ya kama motar Yamai. Tun a hanya ya ce mini ba zai kai la'asar ba, saboda hadari yana haɗuwa ta gabas, in ƙorama ta kawo ba mai ƙetarewa. Mutum ne marar yawan magana. Da aka shigo da yarinyar, uwarta Rabi tana riƙe da ita, ya durƙusa ya tattaɓa ƙafar, ya tambaye ta inda ya fi ciwo. Sannan ya miƙe ya dube ni.

"Abu biyu nake tunani," ya ce. "Ko ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi ta yi mugunya. In ita ce, yau ɗin nan zan buɗe in wanke, ta samu sauƙi. Ko kuma wani abu ne ya tsiro a cikin ƙashin. In shi ne, ba a taɓa shi a nan, taɓawa ɓarna ce. Hoton ne zai raba mana. Ina yake?"

Na kwance ledar na ba Majo. Ta soka kilen a ordinater ɗin ofishinta. Sunaye suka fito a jere, ta danna wanda aka ce a danna. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar gilashin, da rubutu da wurin cikewa. Ta danna wani wuri, akwatin ya dawo. Ta yi tsaki.

"Mi ya hwaru, Majo?" na ce.

"Hotunan suna ciki. Amma ba su buɗuwa sai da lojisiyel ɗinsu, wato manhajar da ke karanta su, shi kuma sai an girka shi cikin injin. Injin ya ce ba ni da izini. Kod ɗin Mu'awiya shika so, kalmar sirrinai."

Mu'awiya shi ne mai kula da injinan ƙungiyarmu duka, ofishinsa yana Tawa. Shi ya kulle su a bara, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. A lokacin kokowar ƙasa, ma'aikata sun cika wannan injin da faifan kokowa da wa'azi da waƙoƙi, kowa ya zo da kilensa. Wata cutar inji ta shiga ta cinye bayanan marasa lafiya, mata masu awon ciki suka dawo ba a san watanninsu ba. Mu'awiya ya zo ya kwana biyu yana gyara, ya tara mu ya ce daga ranar ko allura ba za ta shiga injin ba sai da saninsa. Ni ma na gyaɗa kai a wurin taron.

Doktor Munir ya ce nasa injin na cikin jaka ma na wurin aikinsu ne, an toshe bakinsa gaba ɗaya, ba ya karɓar kile. Ya ce, "Ku kira mai kod. Zan fara da sauran mutane. In ya buɗe ku kira ni ko ina tsakiyar aiki."

Majo ta kira Mu'awiya, waya a kashe. Ni ma na kira da tawa, kamar tawa za ta fi tata sa'a. Ta kira ofishin Tawa, wata mata ta ɗauka ta ce Mu'awiya ya tafi suna garinsu, can wajen Ibohamane, inda waya ba ta samun rezo sai an hau dutse. Majo ta ce to wa ke riƙe da kod in ba ya nan? Matar ta ce a aika buƙata a rubuce ta cikin injin, za a duba.

"Wa za ya duba?" in ji Majo.

"Mu'awiya, in ya dawo."

Majo ta riƙe wayar nesa da kunnenta tana kallonta. Ta ce, "Madam, likita na nan yau kaɗai, yarinya na kwance." Matar ta ce ta ji, kuma ta tausaya, amma ita sakatariya ce. Ta ba mu lambar wani a Yamai. Shi kuma ya ce injinan jihar Tawa ba a hannunsa suke ba, kuma ko da suna hannunsa, lojisiyel ɗin da ba ya cikin waɗanda aka amince da su sai shugaba ya sa hannu. Shugaba yana wurin taro.

Na fita na tsaya a baranda. Rabi tana zaune a tabarma, yarinyar ta ɗora kai a cinyarta. Ta ɗago ta dube ni, na ce ana nan ana yi. Gabas ta ƙara duhu. Na tura wa Mu'awiya saƙon murya, na sake tura wani, na kira wani direban da na sani a Keita, babban garin da ke kusa da can, na roƙe shi in ya ga mai babur da za shi wajen Ibohamane ya ba shi saƙo. Na koma ofis na tarar akwatin nan yana nan yadda yake, ɗan layin yana ƙiftawa.

A lokacin ne aka kira Majo ɗakin haihuwa. Ta fita da sauri ta bar injin a kunne. Sai ga Tsoho ya leƙo. Tsoho shi ke ba da magani a asibitin, kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale.

"Shofer, kai da injin kuna kallon juna kamar surukai. Ya gaishe ka ko kai ka gaishe shi?"

"Tsoho, yau ba ranar wasa ba ce."

"Na sani. Ɗiyata ce ni ma." Ya jawo kujerar Majo ya zauna, ya karanta rubutun yana motsa baki. "Kod ne kawai? Yo kod ai mutum ya sa shi, ba aljani ba. Tsaya ka ji. In mutum za ya ɓoye kalma, wace za ya zaɓa? Wadda ba ya mantawa, kuma wadda ba a taɓa ji daga bakinai ba. Ko ba haka ba?"

Na ce ban sani ba.

"Kai dai ba ka san komi ba sai giya da birki. Mu'awiya ɗan rugga ne, kunyarsu ta hi tamu. Wace kalma ce ba ya hwaɗi ko an sa mai wuƙa? Sunan ɗan fari! Shi ya sa, na rantse. Wa za ya yi zaton shi? Kai da kanka, in anka ce ka sa kod, ba sunan waccan da ke kwance za ka sa ba?"

Gaskiya abin da zan sa ke nan. A wayata ma shi ne.

"Ai kai ka ɗauko matatai da ambilans lokacin haihuwar. Mi anka sa ma ɗiyar?"

"Majo ta ce kar a taɓa."

"Majo ta ce, Majo ta ce. Majo na can tana karɓar ɗan wani, naka na nan kwance. Hadari ya kai garinku Tabotaki, ka leƙa ka gani."

Na leƙa. Iska ta fara kaɗa ganyen gero a gonar bayan asibiti. Na ce, "Adawiyya."

Tsoho ya rubuta da yatsa ɗaya, yana kiran kowane harafi. Akwatin ya girgiza, ya dawo wayam. Ya ce wataƙila da manyan baƙaƙe ne. Ya ce wataƙila yadda ake rubuta shi a takardar Faransanci ne. Ya ce wataƙila da shekarar haihuwa a ƙarshe, muka tsaya muna gardamar ko shekarar da fari suka ci gero ce ko ta bayanta. Ni da na ce kar a taɓa, sai ga ni tsaye a kansa ina cewa ya gwada sunan uwar Mu'awiya, Zulaiha, ita ma ai ba ya kama sunanta.

Yana danna wannan, gilashin ya yi baƙi. Injin ya yi ɗan kuka ya sake tashi da kansa. Da ya dawo, fuskarsa duka shuɗiya ce, babu akwati, babu sunayen da ke cikin kile, babu komai sai rubutu fari da wani dogon wuri na cikewa.

Tsoho ya ɗauke hannunsa a hankali ya ɗora a cinya. "Wanga kuma sabon abu ne."

Majo ta shigo tana goge hannu. Ta dubi gilashin, ta dubi Tsoho a kujerarta, ta dube ni.

"Mi kunka yi?"

"Gwadawa munka yi, Majo," in ji Tsoho. "Da dabara."

"Dabara! Ka san mi ke cikin injin nan? Awon mata, rigakafin da na kwana ina yi a ƙauye ban ma aika ba, maganin da kai kanka kake bayarwa. Yanzu injin ya ɗauka ɓarawo ne ya sace shi, ya rufe kansa. Ko ni da kod ɗina ba ni shiga. Tashi mini daga kujera, Tsoho, tun ban hwaɗi abin da za ni yi nadama ba." Ta juyo gare ni, muryarta ta sauka. "Kai kuma Sadiƙ, da ka bari, ko da Mu'awiya ya kira yanzu, daga inda yake za ya shiga ya buɗe muna. Yanzu sai an nemo wata doguwar lamba."

Na zare kilen na mayar a leda.

Bayan azahar sai ga wayar Mu'awiya. Mai babur ya same shi. Muryarsa tana yankewa, iska tana busawa a bayansa, ya ce a kan dutse yake tsaye da babbar riga. Majo ta sa wayar a fili ta gaya masa komai, har da sunayen da aka gwada. Sai Mu'awiya ya tambaya:

"Sunan wa kunka sa?"

Tsoho ya leƙo daga bakin ƙofa. "Na ɗiyarka, Mushe Mu'awiya. Da na tsohuwa."

"La ilaha illallahu. Ku yanzu a ganinku sunan ɗiyata za ni sa a injin ƙungiya? Ni kaina ban haddace kod ɗin ba, inji ke haɗa shi, kuma shina canzawa." Ya ja numfashi. "Sadiƙ, kana ji na? Da kun jira kaɗan."

Na ce, "Mushe, ka taimake ni. Likita za ya tahi."

Ya ce lambar da injin yake nema tana cikin babban injin Yamai, shi kuma ba zai iya shiga can da wayarsa a kan dutse ba. Sai ya sauka, ya nemi babur zuwa Keita inda rezo yake da ƙarfi. Ya ce zai bar taron sunan yanzu, ko abinci ba zai tsaya ci ba. Na san gaskiya yake faɗi. Na kuma san hanyar Ibohamane zuwa Keita da damina.

Doktor Munir ya gama da mutum na ƙarshe ya fito ya dubi sama. Majo ta yi masa bayani a gajarce. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya sake komawa wurin yarinyar, ya sake taɓa ƙafar, ya daɗe. Rabi ta ce, "Likita, ka yi mata aikin haka nan, mun yarda." Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, in na yanka a makance kuma ya zama ɗayan ne, ƙafar za ta iya tafiya gaba ɗaya. Ba zan yi ba." Ya rubuta mata magani na rage zafi, ya ce kar ta taka ƙafar.

Na roƙe shi ya ƙara ɗan lokaci, ya ƙara. Muka zauna a ofishin Majo muna kallon shuɗin gilashi, wayar tana kan tebur. Da ɗigon farko ya bugi kwanon rufi, ya ɗauki jakarsa. Washegari yana da mutanen da zai yi wa aiki a Yamai, su ma 'ya'yan wasu ne. Na je na tayar da mota.

Ban taɓa tuƙi mai nauyin wannan ba. Na bi ta gaban baranda, Rabi tana naɗe tabarma, yarinyar ta bi motar da ido. A hanya ruwa ya sauko sosai. Mun sami ƙoramar ta fara kawowa, ruwan ja yana taɓa cikin mota, muka ƙetare da ƙyar. Da mun ƙara jinkiri da a can za mu kwana.

A tashar Madawa, kafin ya sauka, Doktor ya ce, "Ba ni kilen. A asibitinmu akwai injin da aka tanada domin irin wannan. In na duba zan kira Majo."

Na sa hannu a aljihu na tsaya. Shi ke nan guda ɗaya, ba mu da wani. In Mu'awiya ya isa Keita fa? Amma ko ya buɗe injin, wa zai karanta hoton? Majo ta riga ta ce ita ba aikinta ba ne. Na ciro na ba shi. Ya yago filasta daga jakarsa ya manna a jikin ledar, ya cire murfin alƙalami da haƙori.

"Sunanta?"

Na laluba aljihu, takardarta tana wurin uwarta. Yaran mota suna ta kiran Ƙonni, Doso, Yamai. Yana jira, alƙalami a kan filasta.

Na ce, "Nasiba." Sai na ji kamar wani ne ya faɗa. Ya rubuta, ya sa a aljihun jakarsa, ya shiga mota.

Sai da ruwan ƙorama ya janye na samu na koma, washegari da hantsi. Na tarar da Majo a gaban injinta tana aiki kamar ba abin da ya faru. Ta ce Mu'awiya ya isa Keita jiƙe sharkaf, ya karanto mata lambar ta waya, injin ya buɗe, ba abin da ya ɓata. Ya kuma samu shugaba ya amince, ya shiga daga can ya girka lojisiyel ɗin. Ta nuna mini ɗan hoton lojisiyel ɗin a gefen gilashi. Ta ce bai ɗauki lokacin shan shayi ba.

"Kawo kilen mu gani ko shina buɗewa," ta ce. "Ko da waya sai in ɗauki hotunan in tura ma Doktor."

Na ce kilen yana hanyar Yamai.

Ta dube ni, ta rufe ido, ta ce, "To." Tsoho yana bakin taga da kwalin magani a hannu. Ya dube ni, ya wuce.

Na kira wurin da aka yi sikanar a Tawa ko za su sake zuba mana a wani kile. Suka ce sai na zo da kaina da takardar marar lafiya, kuma su duba ko ba a share ba, domin injinsu yana cika. Majo ta kira Doktor Munir, ya ce kilen yana wurinsa, mai riƙe da ɗakin injin nasu ne ba ya nan, yana dawowa zai duba. Ta sake kira, aka ce yana ɗakin aiki.

Yarinyar tana gida a Tabotaki, a kwance a rumfa, ƙafar a kan matashi. Da yamma zafin yana tashi. In na dawo daga aiki uwarta ba ta tambayata da baki, wayata take kallo. Mu'awiya ya aiko wa kowa saƙo cewa daga yanzu za a ba Majo wata hanya ta neman izini cikin gaggawa, ana jiran sa hannun Yamai.

Har yanzu Doktor bai kira ba. Ban san ko mugunya ce a cikin ƙashin ko ɗaya abin ba, kuma ban san ranar da zai sake zuwa ba.